Ya ce baƙar ɗamararsa daidai take da digirina, ni kuma na yi dariya

Assalamu alaikum Anti. Ina da damuwar da na kasa faɗa wa kowa a gida, don duk wanda na faɗa wa ɓangare zai ɗauka. Shekararmu 7 da aure da maigidana, 'ya'yanmu biyu. Ina koyarwa a wata kwaleji, bana kuma na kammala digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Shi daga sakandare ya tsaya. Gidansu mahauta ne, kakansa ɗan dambe ne da aka sani a yankinsu, shi ma ya taɓa damben yana saurayi kafin ya koma takwando, wasan faɗan Koriya na duka da ƙafa da hannu. Yau shekararsa 19 a ciki, yana da baƙar ɗamara, wato alamar gwaninta a wasan, mataki na huɗu, yana koyar da yara a makarantu biyu masu zaman kansu da wani fili da yamma. Da wannan yake riƙe gida, kuma shi ya biya rabin kuɗin karatuna. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko tsawa ba ya yi.

Ranar walimar kammala karatuna Yayana ya ce cikin raha, "To, sai a dage a mai da maigida makaranta, kada uwargida ta yi masa nisa." Maigidana ya ce ai shi ma malami ne, shekarun da ya yi yana koyo sun fi nawa, ɗamararsa daidai take da digirina. Aka kwashe da dariya. Anti, ni ma na yi. Tun ranar ya canja, daga gaisuwa sai ajiye kuɗin cefane.

Bayan mako biyu wani ɗalibinsa ɗan shekara 11 ya sha ƙafa a kai wajen atisaye, ya faɗi, ya tashi, ya yi amai sau biyu. Ya kawo shi gidanmu kafin a zo ɗaukarsa. Na ce a kai shi asibiti, ya ce ya ga irin wannan ya fi sau ɗari, a ba shi ruwa ya kwanta. Na kira mahaifiyar yaron da kaina, ta zo ta kai shi. Alhamdu lillahi likita ya ce babu abin tsoro, amma ya hana shi wasa na wasu makonni. Maigidana ya ce na zubar masa da mutunci gaban iyayen ɗalibai don ina ganin na yi boko.

Shin da gaske iliminsa daidai yake da nawa? A zuciyata ban yarda ba. Ko in yi masa ƙarya in ce e, don a zauna lafiya?

Ƙanwarki, daga Kaduna.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Barka da kammala karatu, Allah ya sa albarka a cikinsa. Mace mai 'ya'ya biyu da aikin koyarwa ta daure ta gama digiri na biyu, ai ta yi ƙoƙari, kuma kada rigimar nan ta sa ki ji kunyar abin da kika sha wuya a kansa.

Kada ki yi masa ƙarya. Mutumin da sana'arsa ita ce karantar jikin wanda ke tsaye gabansa, yana gane yaudara tun ƙafa ba ta bar ƙasa ba, zai gane ƙaryar matarsa tun ba ta rufe baki ba. Ranar da kika ce masa "e, daidai suke" da muryar lallashin yaro, ranar zai tabbatar raina shi kike yi. Amma gaskiyar da ya kamata ki faɗa masa ta fi wadda ke zuciyarki yanzu faɗi, shi ya sa nake so ki yi haƙuri mu bi maganar a hankali.

Ki koma ranar walimar ki tsaya inda ya tsaya. Yana cikin surukansa, ya zo taya murnar karatun da guminsa ke ciki, sai aka ce masa gaban jama'a an bar shi a baya. Ba shi ya ɗauko maganar digiri ba, Yaya ne. Shi dai ya laluba abin da ke hannunsa ya kare kansa da shi, kuma abin da ke hannunsa ɗamarar ce. Dariyar Yaya da ta sauran mutane zai iya shanyewa, don tun yana yaro yake jin irinta. Kin ce gidansu mahauta ne, ke ma kuma kin san yadda ƙasar Hausa ta daɗe tana jera sana'o'i: malami a sama, mahauci da makaɗi can ƙasa, duk da kowa na cin nama kowa na cika fili ranar dambe. Namijin da ya taso da wannan a kunnensa, ya auri 'yar gidan boko, ya zuba kuɗinsa ta ƙara karatu, ya yi haka ne da yardar cewa ko duniya za ta auna shi da takarda, matarsa ba za ta auna shi da ita ba. Dariyarki ce ta shige shi. Na san ba da gangan kika yi ba, dariyar taro tana jan mutum, amma shi bai ga zuciyarki ba, haƙoranki ya gani.

Yanzu ga tambayar kanta. Abin da ya sani ilimi ne, kuma mai zurfi. Ki je filin nan wata yamma ki kalle shi, ki bar kallon yaran. Yaro zai ɗaga ƙafa ya kai duka, ke a idonki ya yi kyau. Shi daga taku goma ya ga ƙafar da ke ƙasa ba ta juya ba, ƙugu bai bi ba, nauyin jiki ya zauna kan gwiwa, kuma ya san in aka bar yaron haka zai fara kukan gwiwa nan gaba. Zai je ya taɓa diddigen da ɗan yatsa ya ce "juya nan," shi ke nan dukan ya gyaru. Zai ga yaron da tsoro ya sa yake rufe ido in an kawo masa hari, ya san ba tsawa zai yi masa ba, haɗa shi zai yi da wanda bai kai shi ba har ya saba. Kakansa ma haka: hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan garkuwa, turmi uku ne kacal, kuma ɗan damben da ya san abin da yake yi yana karanta ƙafar abokin karawa da kafaɗarsa kafin ya saki hannu. Ba a haihuwar kowa da wannan. Ana zama gaban malami, a yi kuskure, a gyara, a yi jarrabawa. Hedikwatar takwando ta Kukkiwon da ke Seoul, wadda aka kafa a 1972, tana da ƙa'idar jira tsakanin matakan baƙar ɗamara: shekara ɗaya kafin mataki na biyu, biyu kafin na uku, uku kafin na huɗu. Wato bayan ya sami baƙar ɗamara ta farko sai da ya ƙara aƙalla shekara 6 kafin ya taka inda yake. Da ya ce miki shi malami ne, bai yi ƙari ba.

Ita ɗamarar ma malamin makaranta ne ya shigo da ita. Jigoro Kano (sunan mutum ne ɗan Japan, ba birninmu ba) ya gama Jami'ar Tokyo, ya kafa makarantar judo ta Kodokan a 1882, ya kuma shugabanci babbar kwalejin horar da malamai ta Tokyo fiye da shekara 20. Shi ya tsara wa ɗalibansa matakai irin na aji, ya ware dabarun da ke karya mutum daga wasan yau da kullum, daga baya kareti da takwando suka ɗauki tsarin. A 1909 ya zama ɗan Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya. A nan kusa, Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya tagulla a takwando a Beijing a 2008 injiniya ne da ya yi karatu a jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun yi shekara 44 suna jiran lambar Olamfik ta biyu bayan tagullar damben Issaka Daboré ta 1972, har Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ɗauko azurfa a takwando a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ina kawo miki waɗannan ne don Yaya ya san abin da ya yi wa dariya yana da makarantu da dokoki da tarihi.

To amma daidai suke? A nan nake tare da zuciyarki, sai dai dalilina daban ne. Tambayar ta yi kama da a ce mudu nawa ne tsakanin Kaduna da Zariya: mudu gaskiya ne, tafiyar ma gaskiya ce, ba dai da shi ake auna ta ba. Digirinki ya koya miki ki karanta hujja a rubuce, ki tambayi inda alƙaluma suka fito, ki rubuta abin da wanda bai taɓa ganinki ba zai duba ya ce kin yi daidai ko kin yi kuskure. Abin da kika rubuta zai zauna bayan ranki. Iliminsa a jiki yake zaune, rabinsa ba ya faɗuwa da baki sai dai a nuna, yana raguwa in jiki ya tsufa, yana bin mai shi kabari in bai zuba shi a jikin ɗalibai ba. Akwai kuma abin da ba daɗin ji amma gaskiya ne: takardarki tana buɗe ƙofar albashi da ƙarin girma da fansho, ɗamararsa ba ta buɗe su a ma'aikatun ƙasar nan. Shi ma ya san haka, kuma ina zaton wannan sanin yana cikin abin da ke cinsa.

A wani wajen kuwa nasa ya fi naki saurin tona asirin maƙaryaci. A 2017 a birnin Chengdu na ƙasar Sin, wani mai suna Wei Lei da ke kiran kansa gwanin taici, wani salon faɗan gargajiya na Sin, ya kara da Xu Xiaodong, ɗan faɗan zamani mai haɗa dambe da kokawa, bai yi rabin minti a tsaye ba. Fili ba ya duba takardar kowa. A fanninku kuwa mutum zai iya riƙe ra'ayin da ba daidai ba shekara ashirin yana koyar da shi a aji, babu wanda ya kayar da shi ƙasa. Ke da kike cikin kwaleji kin fi ni sanin masu digirin da ba za su iya kare shafi ɗaya na kundinsu ba. Haka nan fagen dambe da kokawa cike yake da abubuwan da ba a gwada ba, layu da guraye da maganin tauri, ana gadonsu tare da dabarar gaske ba a rarrabe ba.

Akwai wani bincike da nake so ki riƙe, musamman da yake mutumin fanninku ne ya yi shi. Herbert Simon, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, shi da William Chase sun yi gwaji a 1973 da masu wasan ces, darar Turawa. Sukan nuna wa mutum allon wasa na daƙiƙa biyar, su rufe, su ce ya mai da 'ya'yan inda ya gan su. In tsarin daga wasan gaske aka ɗauko shi, gwani yakan mai da mafi yawansu daidai, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Da aka watsa 'ya'yan barkatai ba bisa ƙa'idar wasa ba, sai fifikon gwanin ya kusan ɓacewa. Ashe ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta kowa riƙe komai ba, tsare-tsaren fagensa ne ya haddace tsawon shekaru. Gwaninta gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma mai ita ba ya jin lokacin da ya tsallake iyakar. Linus Pauling ya karɓi Nobel har biyu, na kimiyyar sinadarai a 1954 da na zaman lafiya na 1962, amma da ya shiga fagen likitanci ya dage cewa shan bitamin C mai yawa yana taimakon masu ciwon daji, gwaje-gwajen asibitin Mayo da ke Amurka na 1979 da 1985 ba su ga amfanin ba. Mu kuma muna da abin da ya fi wannan kusa da zuciya: hadisin da Muslim ya ruwaito kan barbarar dabino, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa manoman Madina su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. In fiyayyen halitta ya bar wa manomi fagensa, waye ni waye ke.

Wannan ya kawo mu kan yaron, kuma a nan ba zan raba gaskiya biyu don kowa ya ji daɗi ba. Ke ce da gaskiya. Yaron da ya sha duka a kai, ya faɗi, ya yi amai sau biyu, asibiti ake kai shi a ranar. Akwai jijiyoyin jini tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa, in ɗaya ta fashe jinin yakan taru a hankali. Yaro zai tashi ya yi magana, ya sha ruwa, har ya yi dariya, sai bayan 'yan sa'o'i barci mai nauyi ya ɗauke shi, a gida a ɗauka hutawa yake yi. Maigidanki ya ga irin wannan sau ɗari kuma duk sun tashi, na yarda. Mafi yawa dama tashi suke yi. Matsalar ita ce ido ba ya bambanta na ɗari da ɗaya da sauran a sa'ar farko, ko idon likita ne, shi ya sa likitan ma yake dubawa ya kuma sa a lura da yaro. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta yadda yawan dukan kai ke lalata ƙwaƙwalwar 'yan dambe. Cewar da likita ya yi babu abin tsoro bai mai da kiran da kika yi kuskure ba, hutun makonnin da ya ba yaron ma shaida ne.

Sai dai ki lura da kyau: ba digirinki ne ya ba ki gaskiya a ranar ba. Tattalin arziki bai koya miki komai game da kan yaro ba, a wannan fagen ke da shi duk baƙi ne. Abin da kika yi daidai shi ne kin san ba ki sani ba, kika nemi mai sani. Shi kuma shekara 19 na ganin targaɗe da kumburi sun sa ya ji kamar jikin mutum duka gonarsa ce, ga kuma ciwon walima bai warke ba, duk abin da ya fito daga bakinki a makon nan boko yake ji yana magana. In kika shigar da wannan nasarar cikin lissafin "wa ya fi ilimi," kin ɓata ta. Ki kuma tambayi kanki ko ke ma kina tsallaka masa iyaka, kina gyara masa yadda yake horar da yara ko yadda yake magana gaban mutane don kawai ke ce mai takarda.

Kukansa ma yana da tushe. Abincinsa yana rataye ne da amincewar iyaye. Uwar da matar koci ta kira ta ce a zo a kai ɗanta asibiti za ta tambayi kanta me ya sa ba kocin ne ya kira ba, kuma za ta faɗa wa wasu iyayen. Ko gobe aka maimaita, ki sake kiran, ran yaro ya fi kunyar kowa. Amma ki yarda a gabansa cewa abin ya ci masa wani abu.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Ki raba maganganun biyu, kada ki haɗa su a zama ɗaya. Ki fara da dariyar, ita kaɗai. Ki sami daren da yara suka yi barci ya ci abinci, ki ce masa wani abu kamar haka: "Abban yara, ranar walima Yaya ya faɗi maganar da ba ta dace ba, ni kuma maimakon in tsaya maka sai na yi dariya. Na yi kuskure, ka yafe mini. Karatun nan da kuɗinka da haƙurinka na yi shi." Ki tsaya nan. Kada "amma" ta biyo baya, kada ki kawo yaron, kada ki buɗe muhawarar ɗamara da digiri. In ya yi shiru ki bar shi da shirunsa, mai yiwuwa sai bayan kwana biyu za ki ga amsar a fuskarsa. In shi ya tambaye ki kai tsaye ko kin yarda daidai suke, ki ce masa abin da yake gaskiya: abin da ya sani ke ba ki sani ba kuma ko shekara goma aka ba ki ba lalle ki iya ba, abin da kika sani shi ma bai sani ba, kuma ba ki aure shi don ku yi gasa ba.

Bayan haka ki nemi izininsa ki je filin da yaranku, ki zauna daga farko har a tashi, waya a jaka. A hanyar gida ki tambaye shi abu ɗaya da kika gani ba ki gane ba, ki saurari amsar yadda kike so ɗalibanki su saurare ki. Ina kyautata zaton a shekara bakwai ba a cika yi masa irin wannan tambayar a gidansa ba.

Yaya kuma ke za ki same shi, ba maigidanki ba. Ki same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ki ce masa maganar ta yi ciwo kuma ta shigo miki ɗaki. Ba sai ya je ya durƙusa ba. Ya kira shi a waya su gaisa, ko ya kai ɗansa filin a koya masa, wannan ya fi dogon ban haƙuri. In kin san Yaya mai zafin kai ne, ki bi ta wajen Hajiya, ita ta san yadda za ta ja masa kunne ba tare da abin ya zama rigimar dangi biyu ba. Ki tuna musu abin da kika rubuto mini da hannunki: shekara bakwai mutumin da ya iya duka bai taɓa ɗaga miki hannu ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Gidaje nawa ne masu digiri a bango suke neman wannan ba su samu ba?

Sai gida ya huce za ki ɗauko maganar yaron, kuma ki ɗauko ta da harshen fagensa. Dokokin gasar takwando ta duniya da kansu sun tanadi likita a bakin fili, sun kuma hana ɗan wasan da aka sumar da dukan kai shiga gasa na aƙalla kwana 30. Wato manyansa a sana'ar sun riga sun yanke cewa kai na likita ne. Ki ba shi shawara ya rubuta ƙa'ida a takarda ɗaya da sunansa a ƙasa: duk yaron da ya bugu a kai ya daina wasa a ranar, koci ne zai kira iyaye, in akwai amai ko jiri ko ruɗewa ko yawan barci a wuce asibiti, ba a dawowa fili sai da izinin likita. Ya raba wa iyaye da hannunsa, ya fara da mahaifiyar wancan yaron. Abin da ya ji ya zubar masa da mutunci shi zai dawo masa da shi, don iyaye sun fi sakin jiki da kocin da ke da irin wannan takarda. Ƙungiyar Red Cross tana ba da horon agajin gaggawa na 'yan kwanaki. Ku yi rajista ku biyu, ku zauna benci ɗaya a matsayin ɗalibai, tunda a nan babu wanda ya fi wani.

Maganar ƙarin karatu kuwa ki riƙe ta tukuna. Hanyoyin suna nan: Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke filin wasa na Surulere a Legas tana ba da takardar shaidar horarwa, jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero suna da sassan ilimin motsa jiki da lafiya, ga kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN ga mai aiki. Takarda irin wannan za ta iya ƙara masa daraja wajen makarantun da yake koyarwa, ta kuma tanadar masa abin yi ranar da ƙafa ta daina tashi sama. Amma in kika kawo ta yanzu, maganar Yaya ce ta dawo da muryarki. Ki bari sai ya yi kukan kuɗi ko na gaba da kansa, sannan ki ambata sau ɗaya ki bar masa. In ya ce ba ya so, ki karɓa da zuciya ɗaya. Akwai inda naki ilimin zai yi masa aiki ba tare da ya koma aji ba: lissafin kuɗin ɗalibai, yarjejeniya a rubuce da makarantun nan biyu, rajistar kulob ɗinsa, ɗan asusun gyaran kayan kariya. Ki yi tayin, ki bari shi ya ce bismilla. In kuma akwai tsofaffin gidansu da suka ga damben kakansa, ku je tare da waya ku naɗi muryarsu, kirarin da sunayen abokan karawar da garuruwan da aka je bayan kaka. Ke kin iya tsara bayani a rubuce, shi ya san abin da za a tambaya, kuma 'ya'yanku jikokin gidan ne.

Idan kin ba da haƙurin, kin je filin, wata guda ya wuce yana nan a rufe, kada ki kai ƙara gidanku, don can ne ciwon ya fito. Ki nemi malaminsa da ya ɗaura masa ɗamara, ko wani kawunsa da yake jin nauyi, ki faɗa masa komai har da dariyar da kika yi. Masu wannan sana'a suna jin maganar malaminsu fiye da ta kowa, kuma tsohon koci zai faɗa masa maganar dukan kai da kalmomin da ba zai iya cewa boko ne ba. Ƙa'idar yaran ce kaɗai ba za ki sassauta a kanta ba ko da sauran sun ɗauki lokaci. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya muku zuriya.